Abin da Alƙali Ya Rubuta a Bayan Takarda

4 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata Tsinke,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da mai gidanki da 'yar jikar nan tawa da har yau ban gani ba sai a hoto. Ni kam alhamdu lillahi, in ban da gwiwa da kunnen nan da kika sani. Na hagu ya mutu murus, na dama kuma sai ranar da ya ga dama. Shi ya sa ban neme ki a waya ba, don in na ɗora ta a kunne ba abin da nake ji sai kamar ana zuba ruwa a bokiti.

Kada ki ji haushi don na ce miki Tsinke. An ce kin yi jiki tun da kika sami aikin gwamnati, amma ni a idona kina nan yadda mahaifinki, Allah ya ji ƙansa, ya kawo ki gidanmu da akwatin ƙarfe za ki shiga sakandare, iska na neman kwashe ki. Shekara shida ke nan rabon da mu gaisa. Ban ɗora miki laifi ba, ni ma ƙafata ba ta je ba. Kakarki da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, wannan kuwa ko an shekara ashirin ba a gaisa ba yana nan daram.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai gidana, Babanki Mai Agogo, yana gidan yari, yau wata goma sha ɗaya.

Wani mutum ne ya kawo masa agoguna bakwai a jaka ya ce a gyara, ashe na sata ne. 'Yan sanda suka same su a kan teburinsa a bakin kasuwa. Wata uku ana kai shi kotu ana mayar da shi. A watan Yuni aka kama ɓarawon, ya faɗa da bakinsa cewa Mai Agogo bai san hawa ba bai san sauka ba. Rannan tsohon alƙalin ya sallame shi, ina wurin. Gandirobobi suka ce sai ya koma ya kwana ɗaya kafin takardar saki ta iso daga kotu, wai haka tsarin yake. Na dawo gida na share ɗaki, na wanke masa kaya na goge.

Takarda ba ta zo ba. A makon ne aka ce kotu ta daina aiki da takarda, an kwashe fayil-fayil an kai babban birni, wurinku, za a zuba su a kwamfuta. Alƙalin ya yi ritaya a ƙarshen watan, yanzu an ce yana kwance, ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Lauyan gwamnati da ya tsaya mana kyauta an yi masa canjin wurin aiki, wayarsa ba ta shiga. Wadda ta gaje shi mutuniyar kirki ce, amma da na buɗe baki sai ta juyo mini da kwamfutarta ta ce, "Mama, ba ya ciki." Gidan yari kuma sun ce yanzu ba sa karɓar takardar saki sai wadda kwamfutar kotu ta fitar da lamba a jikinta.

An ce mini kina cikin masu zuba takardun. Ban ce ki karya doka don ni ba, ban rene ki a haka ba. Dubawa kawai nake so ki yi mini. Lambar shari'ar ita ce 412 ta bara.

Ki gaida mai gidanki, ki shafa mini kan yarinya.

Goggonki

*A bayan takardar:*

Sai da na sa hannu na tuna ban gaya miki babban abin ba. Kin san tun da kunne ya ƙi ni, hannun mutane nake kallo. Rannan ina benci na biyu. Alƙalin yana ta rubutu har takardar gabansa ta cika. Bai nemi sabuwa ba. Ya lashi yatsa ya juya ta, ya ci gaba a bayanta da shuɗiyar tawada, layi biyar ko shida, ya sa hannu, magatakarda ya miƙo masa hatimi ya buga. Sannan ya ɗago ya yi magana, na ga Mai Agogo ya rufe fuska da tafin hannu. A raina na ce wannan alƙali zamaninmu ɗaya, bai iya ɓarnar takarda ba. To ga tambayata: injin naku yana juya takarda da kansa, ko sai mutum ya juya masa?

&nbsp;

19 ga Fabrairu

Goggo,

Wa alaikumus salam. Ki yi haƙuri da jinkiri, wasiƙarki kwana goma ta yi a motar direban da kika ba kafin ya tuna da ita. A ofis ya same ni. A tsaye na karanta, kafin in kai ƙarshe sai da na nemi kujera. Wallahi ban ji labarin Baba ba, ba wanda ya gaya mini. Agogon da ya ba ni ranar da na gama makaranta yana hannuna yanzu haka da nake rubutun nan, bai taɓa ƙara minti ko ragewa ba.

Muna lafiya. Jikarki ta fara tafiya, ba abin da ta bari a inda aka ajiye shi. Maganar jiki kuwa sharri aka yi mini, kujerar ofis ce ta baje ni.

Bari in yi miki bayanin aikinmu don ki fahimci amsar da zan ba ki. Wani dogon ɗaki ne a hawa na biyu, mu goma sha biyu, da injunan ɗaukar hoton takardu shida. Ana kawo fayil a kwali, mu cire allura da zare, mu miƙe takardun da suka lanƙwashe, mu zuba wa injin. Daga nan duk mai shari'a zai iya ganin inda maganarsa ta kwana a shafin kotu na intanet. Goggo, kin san yadda ake yi a da: ka yi asubanci ka zo, a ce mai makullin sito ba ya nan, ka dawo gobe a ce fayil ya yi ƙafa. Yanzu lauya daga ofishinsa yake shigar da ƙara, ranar zama ta zo wa mutum a waya, mai ba da shaida da ke nesa ya yi magana ta bidiyo. Ɓera ba ya cin abin da ke ciki, ruwa ba ya jiƙa shi, ba kuma mai ɓoye shi a ƙarƙashin tebur. Ni dai ina alfahari da aikin nan, ba zan ɓoye miki ba.

Na buɗe lamba 412. Shafi ashirin da uku ne, na bi su ɗaya bayan ɗaya har sau biyu. Shafin ƙarshe shi ne zaman 11 ga Yuni. An rubuta abin da ɓarawon ya faɗa, an rubuta abin da mai gabatar da ƙara ya ce, a nan rubutu ya tsaya. Babu umarnin sallama. Tun da babu, kwamfuta ta ɗauka shari'ar ba ta ƙare ba, ta sa ta gaban sabon alƙali ranar 14 ga Oktoba.

Don Allah kada ranki ya ɓaci da abin da zan faɗa. Kotu wuri ne mai hayaniya, fanka na kaɗawa, alƙalai kuma ƙasa-ƙasa suke magana. Ko mai kunne biyu lafiyayyu yakan fita da abin da ba a faɗa ba. Wataƙila cewa ya yi zai sallame shi a zama na gaba, ku duka kuka ɗauka an gama.

Ba ni da ikon ƙara ko ɗigo a fayil. Duk wanda ya taɓa, lambarsa za ta fito da rana da lokaci. Abin da za a iya shi ne lauyar ta nemi a matso da ranar. Na rubuto miki yadda ake shiga shafin a wata 'yar takarda daban, ki kai shagon kwamfuta su nuna miki.

Ki gaida Baba in kin je. Ki ce masa ina nan ina addu'a.

'Yarki

&nbsp;

2 ga Maris

Tsinke,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni gwiwa ta ɗan lafa. Mai Agogo kuwa ciwon sukarin ya taso masa, idonsa na dama ya fara hazo. Na je ranar Asabar. Gandirobobi duk sun kai masa agogunansu, yana gyara musu da tsinken ashana da gefen cokali, amma ya ce mini yanzu da yatsa yake laluben ƙusoshin, ba ya ganinsu. Na gaya masa Oktoba. Ya ƙirga watannin a yatsu, ya tambaye ni ko na sa an gyara rufin da ke yoyo.

Na gode da darasi. Na kai 'yar takardarki shago, mai shagon ya buɗe mini, na ga lambarmu da idona, ga ranar a ƙasa. Abin ya burge ni, ba na ƙi ci gaba ba ne. Shekara talatin na yi ina koyar da 'ya'yan mutane, na san daɗin abu a rubuce.

Amma maganar kunne ta sosa mini rai, zan kuwa faɗa. Lauya ta gaya mini, gandirobobi sun gaya mini, maƙwabta ma sun fara yi mini kallon tsohuwar da ta ruɗe. Duk na shanye. Ban yi zaton daga bakinki zan ji ba, ke da na zaunar a tabarma na koya miki haɗa baƙi da kyau. Yaushe na ce miki na ji? Cewa na yi na gani, kuma gani ya kori ji.

Tambaya ɗaya tak na yi miki a bayan wasiƙata. Kin cika mini shafi biyu da labarin ɓera da bidiyo, amma ita ko tari ba ki yi a kanta ba. Ɗayan biyu ne: ko kin karanta kin raina, ko ba ki juya takardar ba. In na farkon ne, to Allah ya ba mu haƙuri, ba zan sake damunki ba. In na biyun ne, wasiƙar tana hannunki.

Goggonki

&nbsp;

9 ga Maris

Goggo,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Muna lafiya, in za a kira wannan lafiya.

Na biyun ne. Wasiƙarki tana cikin jakata tun ranar da ta zo. Na ciro ta a kan tebur, na juya, sai ga rubutunki. Goggo, shekara guda ke nan ina ɗaukar takarda in ajiye, in ɗauka in ajiye, har hannuna ya manta takarda fuska biyu gare ta.

Ga amsar tambayarki. Injin yana iya ɗaukar gaba da baya, amma tsofaffin takardun kotu ba su da kauri, in aka sa shi juyawa sai ya tauna su. Shugaban sashenmu, wanda muke kira Ƙidaya a bayan idonsa don ba abin da ya sani sai adadi, ya ce a riƙa ɗaukar gaba kawai, mu duba bayan da ido, in akwai rubutu mu ɗauka daban. Watannin farko muna dubawa. Sai aka ce kowa ya cika shafi dubu uku a rana. A cikin takarda ɗari da wuya ka sami ɗaya mai rubutu a baya. Ba wanda ya ce mu daina juyawa. Mu muka daina.

Na koma na buɗe shafi na ashirin da uku, na ƙara girman hoton har ya cika fuskar kwamfuta. A ƙasa, ta hannun hagu, akwai wata inuwa zagayayya, dishi-dishi. Hatimi ne, tawadarsa ta ratso takardar daga baya. A samansa akwai alamun layi shida.

Saura abin da ya fi wuya. A ƙasan kowane fayil akwai lambar ma'aikacin da ya ɗauki hotonsa ya sa hannu cewa ya cika, ba a bar komai ba. A ƙasan na Baba an rubuta 17, ranar 9 ga Yuli. Goggo, ni ce 17. Sunansa yana kan bangon fayil ɗin da manyan baƙaƙe. Ya bi ta hannuna ban gan shi ba, don lamba nake kallo. Sannan na zauna na rubuta miki cewa kunnenki ne.

Zan iya cewa a lokacin ban daɗe da dawowa daga hutun haihuwa ba, ba na samun barci. Gaskiya ne, amma ba zai mayar wa Baba ko kwana ɗaya ba. Ban nemi ki yafe mini yanzu ba.

Dole a nemo ainihin takardar, kuma lokaci ya ƙure. Sito ya cika, an yanke cewa duk fayil ɗin ƙananan kotuna da aka sa hannu an gama ɗaukar hotonsa za a kai shi a niƙe ranar 28 ga wannan wata. Gobe zan shiga siton.

'Yarki mai laifi

&nbsp;

25 ga Maris

Goggo,

Assalamu alaikum. Kwana goma sha shida ban ji daga gare ki ba. Kullum sai na biya tasha kafin in wuce aiki, har direban da ya hango ni sai ya kaɗa hannu tun daga nesa ya ce babu. Ya rantse a hannunki ya sa wasiƙata. Ko ba ki da lafiya ne? Ko jikin Baba ne? In fushi ne na karɓa, amma ki aiko ko da layi ɗaya in san kuna raye.

Bari in ba ki labari, ko kina so ko ba kya so.

Kwana huɗu na yi ina shiga sito a lokacin hutun rana. Yana ƙasan bene, kwali kan kwali har rufi, ƙura kamar a yi shuka. Mai kula da siton wani dattijo ne da ya kusa ritaya. Da na gaya masa sunan kotun garinku sai ya yi dariya ya ce, "Tsohon alƙalin nan? Ai shi ko ambulan aka kawo masa sai ya farke ya yi rubutu a ciki. Kowa ya san shi da haka." Kowa ya sani, Goggo, ban da mu da aka ɗauka aiki don mun iya kwamfuta. Ba wanda ya tambaye shi, shi kuma bai hau bene ba.

A rana ta huɗu muka samu. Na juya shafin ƙarshe. Shuɗiyar tawada, layi shida, sa hannu, hatimi. "An sallami wanda ake tuhuma na biyu, an wanke shi. A sake shi nan take." Nan take, Goggo. Na zauna a kan kwali na yi kuka har dattijon ya fita ya ba ni wuri.

Na kai wa Ƙidaya. Ya rufe ƙofa ya ce, "Kin san abin da kika tono kuwa? In aka buɗe wannan, fayil dubu arba'in za a ce a sake dubawa. Ni za a tambaya, ke za a kora. Ki bari Oktoba ta zo, sabon alƙali zai sallame shi, kowa ya huta." Ba mugun mutum ba ne, 'ya'ya biyar gare shi, tsoro ne ya kama shi. Ni ma ya kama ni. Kwana biyu takardar tana aljihun teburina ban yi komai ba, wannan ma ki haɗa cikin abin da za ki riƙe ni da shi. Mai gidana ne ya ce mini, "In kika yi shiru za ki riƙe aikin, amma agogon nan sai dai ki cire shi."

Na rubuta wa Babbar Magatakarda, ita kaɗai ke da ikon buɗe fayil da aka rufe. Na faɗi komai, har da cewa Baba mijin goggona ne. Wannan ya kusa ɓata lamarin. Ta kira ni gaban mutum uku, ɗayansu ya ɗaga takardar ya ce, "Ma'aikaciya ta shiga sito ita kaɗai, ta fito da umarnin sakin ɗan'uwanta, alƙalin kuma ba ya iya magana. Wa ya ce ba ita ta rubuta ba?" Sai na ce a buɗe hoton da na ɗauka ranar 9 ga Yuli. Aka haska shi a bango, aka ƙara girma. Babbar Magatakarda ta tashi da kanta ta ɗaga takardar a jikin taga, inuwar hatimi ta faɗa daidai inda take a hoton. Kwamfuta ba ta yarda a canza ranar da hoto ya shiga. Abin da ya kama ni da laifi shi ya tsaya wa Baba shaida.

Ta ɗauki waya a gabanmu ta ce kada motar niƙa ta ɗauki ko kwali ɗaya. An tura wa sabon alƙali takardar, ya sa zama ranar 2 ga Afrilu, ta bidiyo daga gidan yari. Ki gaya wa lauya, ko da yake saƙo zai zo mata.

Ni an karɓe mini izinin shiga kwamfuta har kwamiti ya gama bincike. An mayar da ni sito, ni da wasu huɗu, aikinmu juya takarda. Abokan aikina biyu sun daina gaishe ni. Ban san ko zan kai ƙarshen shekara a nan ba.

Goggo, ki yi mini magana.

Tsinke

&nbsp;

7 ga Afrilu

'Yata Tsinke,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ki lura da kyau, muna na ce.

Wasiƙunki biyu sun iso. Ba ciwo na yi ba, fushi na yi, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Da na karanta "ni ce 17" na ninke takardar na tura ta ƙarƙashin katifa. Sau uku ina ɗaukar alƙalami, sau uku ina rubuta abin da in ya same ki ba za mu sake gaisawa ba har abada, sai in yage. Na ga gara shiru. Wata tara nake tsine wa wanda ya yi mana wannan aiki a raina, ban san fuskarsa ba, ashe a cinyata na yi masa kitso. Wannan ba ya wucewa a kwana biyu.

Ban gaya wa Mai Agogo ba sai bayan wasiƙarki ta biyu. Na kai su duka na karanta masa ta tsakanin ƙarfe, don shi yanzu ƙananan baƙaƙe sun fi ƙarfinsa. Da na kai wurin da mai gidanki ya yi maganar agogo, ya ce in maimaita. Sannan ya ce, "Yarinyar nan da ta yi shiru wa zai sani?" Na ce to, ni dai ban huce ba. Ya ce ai ni dama ban iya hucewa da wuri ba, shekara arba'in yana fama.

Ranar biyu ga wata lauya ta kai ni kotu. Aka kunna talabijin babba a bango, sai ga shi a ciki, ya sa hular da na kai masa, yana ta neman inda zai kalla. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Hannun sabon alƙali na kalla. Ya ɗauki takardar ya karanta gaba, ya juya ya karanta baya, ya daɗe. Sannan ya danna wani abu. Lauya ta nuna mini wayarta, takardar saki ta riga ta isa gidan yari da lambarta. Kafin la'asar yana bakin ƙofa da ledar kayansa. Abin da aka yi wata goma ana jira, minti goma bai ɗauka ba. Injin naku ba shi da laifi, in an ba shi gaskiya da gudu yake kai ta.

Ya rame ƙwarai. Likita ya ce idon dama sai dai haƙuri, na hagu za a gwada. Jiya ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya jera su a kan tebur, ya daɗe yana shafa su, ya mayar ya rufe. Na bar shi na shiga ɗaki.

Game da ke, sauri ya haifi nawa, kin gani da idonki, ba sai na ƙara ba. In sun kore ki, ɗakinki na da yana nan, an ma gyara rufin. In ba su kore ki ba, ki riƙe dattijon siton nan da kyau kafin ya tafi da abin da ya sani. Kuma ki kawo mini jikata in gan ta, na gaji da hoto. Na yafe, amma in kin zo sai na ja miki kunne, ke da kike da biyu.

Babanki ya ce shi ma zai rubuta. Na ba shi sabuwar takarda ya ƙi. Juya.

Goggonki

*A bayan takardar, da manyan baƙaƙe masu karkata:*

Tsinke, Babanki ne. Ki yi haƙuri da rubutun, laluben layi nake.

Ba ni da magana a kan abin da ya wuce. Na shekara hamsin ina buɗe bayan agogo, na san mutum bai cika duba inda ba a gani ba.

Ga abin da nake so. A ɗakin da na zauna akwai wani mai ɗinkin takalma, tabarmarsa na jikin tawa. Gaban tsohon alƙalin nan ya je, kwana biyu kafin ni. Ya ce an sallame shi, ba wanda ya yarda, har shi ma ya fara cewa ko mafarki ya yi. Ranar da zan fito ya riƙe mini leda har ƙofa ta biyu. Ba shi da mai rubuta masa wasiƙa.

Lambarsa 397 ta bara. Tun da kina siton, ki juya masa.